Gyaran tsohon gida a cikin birnin Katsina: daga awon gangare zuwa indararo

Gidan yana cikin lungu ne ta wajen Ƙofar Sauri, ginin tubali irin na da: zaure, shigifa, ɗaki uku a jere, kicin da makewayi. Wanda ya gan shi daga waje zai ce tsufa ne ya kama shi, amma da muka duba gindin bangon sai muka ga ruwa ne. Shekara da shekaru ana zuba ciko a lungun, kowa na ɗaga ƙofar gidansa, har hanya ta fi tsakar gida tsawo. Ruwan sama in ya sauka ba ya da mafita, sai ya kwanta a gindin ɗakuna ya yi ta jiƙa su. Saboda haka duk tsarin aikin da muka yi, na rushe ɗakunan a sake gina su da bulo a kuma gyara zauren da ƙasarsa, tun daga tonon farko har ƙusar ƙarshe, a kan tambaya ɗaya muka ɗora shi: ina ruwa zai bi?

Kafin a taɓa ko tubali ɗaya sai da aka gama magana biyu. Gidan gado ne, don haka aka zauna da magada aka rubuta wanda zai kashe kuɗi da yadda za a lissafa masa, shaidu suka sa hannu. Sannan bangon bayan ɗakunan na haɗaka ne da maƙwabci. Aka kira mai unguwa, aka ja igiya a gabansa, aka amince za mu ta da namu bangon daban a cikin iyakarmu mu bar tsohon a tsaye. Mun rasa kusan ƙafa ɗaya a faɗin ɗaki, amma da mun rushe shi da ɗakin maƙwabci ya biyo mu. Zanen ɗakunan kuma an kai shi hukumar tsara birane ta jiha tun kafin rusau.

Lokacin farawa ma ruwa ne ya zaɓa mana. Mun fara a ƙarshen Oktoba da damina ta ɗauke, da niyyar kwano ya hau kafin iskar farkon damina ta watan Mayu.

Awon gangare shi ne aikin ranar farko, kuma kayan aikinsa ba su wuce farin tiyo siriri da ake ganin ruwa a cikinsa ba, mai tsawon ƙafa 50 ko fiye. A cika shi da ruwa, a tabbatar babu kumfar iska a ciki, mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a ƙofar gida, ɗaya ya zagaya da ɗaya bakin. Duk inda ruwan ya tsaya, tsayinsu ɗaya ne. Da gawayi muka ja alama a kowane bango, sannan muka auna daga alamar zuwa ƙasa. A nan muka gano tsakar gida ta yi ƙasa da lungu da inci 10. Sai muka yanke cewa daɓen sababbin ɗakuna zai ɗara lungu da inci 18, tsakar gida kuma za a cike ta har ta ɗara shi kaɗan, ta gangara zuwa rariya da inci 1 a kowace ƙafa 6. Wannan alamar gawayi ita ce uwar duk wani awo da ya biyo baya. Da bangon da ke ɗauke da ita zai faɗi, sai muka fara mayar da ita kan turken ƙarfe da aka kafa da siminti.

Rusau daga sama ake farawa. Aka kwashe ƙasar rufi, aka zare azara ɗaya bayan ɗaya aka jingine a inuwa, don azarar giginya mai kyau gara ba ta cika cin ta ba, kuma yanzu samunta sai an sha wuya. Ƙasar bangon ma ba mu zubar da ita duka ba. Mun ware mai tsabta don gyaran zaure, saura ta tafi cikon tsakar gida. Abin da ba mu sa a lissafi ba tun farko shi ne tifa ba ta shiga lungun. Yashi, tsakuwa da siminti duk a bakin titi ake saukewa, a shigo da su da baro. Duk mai gini a cikin birni ya ware wa wannan dako kuɗinsa daban, don yana da yawa.

Ɗakunan ƙafa 12 ne tsawo da faɗi, uku a jere, jimillar tsawon bango ta kai kusan mita 38. Ramin harsashi mun yi shi faɗin inci 27, wato ninki uku na bulo mai inci 9. Zurfi kuwa ba a yanke shi a takarda. Ana tono har sai an wuce baƙar ƙasa mai tarkace an taɓa ƙasa mai tauri wadda diga ke tsalle a kanta. A yawancin wurin mun same ta a ƙafa 3. A kusurwar kudu kuwa sai ƙasa ta canza launi, ta yi laushi, aka fara tono kasko da toka: tsohuwar salga ce aka cike. Irin wannan ya zama ruwan dare a gidajen cikin ganuwa, wani wurin tsohuwar rijiya, wani wurin bakin kududdufi. Birkila zai ce a zuba dutse a danne a wuce. Kada a yarda. Cikon zai ci gaba da zama, kusurwar ta bi shi, bayan damina biyu ka ga tsaga ta taso a karkace daga gindin taga. Mun tona gefe da gefen ramin har ƙasa mai ƙarfi, muka zuba ginshiƙi a kowane gefe, muka haɗa su da kankare mai rodi guda huɗu masu kaurin milimita 16, bango ya hau kansa kamar gada. Wannan wurin kaɗai ne muka kira injiniya ya duba, kuma ya cancanci kuɗinsa.

Don kusurwa ta fita daidai, an yi amfani da awon 3, 4, 5: ƙafa 3 a igiya ɗaya, ƙafa 4 a ɗaya, tsakaninsu ya zama ƙafa 5 cif. Ɗakin da ya karkace a nan, mai tayil ne zai tona asirinsa daga baya.

Maganar kwaɓi sai an tsaya a kanta, domin a nan ne kuɗin mai gida ke zurarewa ba tare da ya gani ba. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma daidai yake da kwanon sarki biyu. Duk wani haɗi da za a faɗa, da kwanon sarki ake auna shi, ba da shebur ba, ba kuma da baron da kowa ke cikawa yadda ya ga dama ba. Kankaren harsashi mun yi shi buhu 1, yashi kwano 6, tsakuwa kwano 12, kaurin inci 6, ya ci buhu 17. Na linta, wato kankaren da ke tsallake saman ƙofa da taga, da na ginshiƙi ya fi ƙarfi: buhu 1, yashi 4, tsakuwa 8. Kwaɓin ɗora bulo buhu 1 ne da yashi kwano 12, kuma yana ɗora bulo kusan 50. Lebura na son ruwa da yawa a kankare saboda ya fi sauƙin juyawa da zubawa, amma ruwan da ya wuce kima in ya ƙafe ƙananan ramuka yake bari a ciki. Kankare mai kyau in ka ɗebo shi a shebur yana tsayawa a tsibi, ba ya malala kamar kunu.

Yashi kuma sai an gwada kafin tifa ta juye. A sami gorar ruwa, a zuba yashi zuwa rabi, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye awa uku. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta kwanta a kansa. In kaurin lakar ya kusa kashi ɗaya cikin goma na yashin, a mayar da shi. Laka tana lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti kama ta, shi ya sa wani filasta ke zuba kamar gari in ka goga hannu.

Bulo mu muka buga da kanmu a wani fili kusa da titi. Lissafinsa mai sauƙi ne: sahu ɗaya na zagayen ɗakunan yana cin bulo 82. Sahu 4 a harsashi, 12 a sama, a cire gurbin ƙofa 3 da taga 6, a ƙara na fashewa, ya kama 1,250. Buhu ɗaya muka riƙa fitar da bulo 30 mai inci 9, buhu 42 ke nan. A kasuwa akwai masu fitar da 45 ko fiye a buhu, ana gane shi in ka kankare gefensa da ƙusa, ko ka sake shi daga tsayin ƙugu ya tarwatse. Amma ko an sa siminti daidai, bulo ba ya ƙarfi sai da ban ruwa safe da yamma na kwana 7 aƙalla, sannan a bar shi ya yi mako biyu kafin a ɗora. Hunturun Katsina ba ya raga wa siminti. Iskar na zuƙe ruwan tun kafin ya gama aikinsa, kuma siminti da ruwa yake ƙarfi, bushewa da wuri kashe shi take yi. Mun riƙa lulluɓe bulon da buhunan da aka juye, a jiƙa su. Ruwan mai garuwa muka yi amfani da shi, kuma mako biyun farko kuɗin ruwa ya kusa kamo kuɗin lebura.

Bulon harsashi an cike ramukansa da kankare mai rauni, aka zuba jan ƙasa a cikin ɗakuna. Ba a zuba ciko gaba ɗaya. Inci 6 ake zubawa, a yayyafa ruwa, a daddage da madaɓi, sannan a ƙara wani. Wanda ya juye ƙafa biyu lokaci ɗaya ya daɓe samansa, bayan shekara zai ji tayil na ƙara kamar ganga a tsakiyar ɗaki. Daga nan aka fesa maganin gara a kan cikon da gefen harsashi, aka shimfiɗa leda mai kauri, bakin kowace ya hau kan 'yar'uwarta da inci 6, har ta rufe saman bulon. A kanta aka zuba kankaren ƙasa, wanda magina ke kira jaman fulo, kaurin inci 4, buhu 22.

Da yawa suna tsallake wannan matakin su ce in an gama gini a yi daɓe. To ledar nan da kankaren da ya hau kan bulo su ne ke yanke wa laima hanya. In babu su, ruwan ƙasa na hawa ta cikin bulo kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, ya taho da gishirin ƙasa, ya bushe a jikin bango ya bar farin gari. Shi ne fenti ke kumbura daga ƙasa zuwa gwiwa, a kankare a sake, badi ya dawo. Manna tayil a gindin bangon ba ya magance shi, sai dai laimar ta haura ta fito a saman tayil ɗin.

Ɗora bulo ya yi sauri. Abin lura kaɗan ne: a jiƙa bulo kafin a ɗora, gaɓar sahun sama kada ta faɗa kan ta ƙasa, kuma kada a wuce sahu 5 ko 6 a rana. Kowace safiya a saki ma'aunin igiya a kusurwa. In birkila ya ce maka "Alhaji bar shi, filasta za ta rufe", ka sani simintinka ne zai rufe, domin bangon da ya kauce da inci ɗaya filasta mai kaurin inci ɗaya da rabi yake ci, ita kuma mai kauri haka tsagewa take.

A sahu na 9 muka zuba linta, kuma zagaye muka yi da ita gaba ɗaya maimakon guntu-guntu a kan ƙofa da taga. Rodi mai milimita 12 layi huɗu, sanda 14 ke nan tunda kowace sanda mita 12 ce, da zobba na rodi mai milimita 8 a tazarar inci 9, sanda 12. Inda sanda ta ƙare aka haɗa da wata, sun haɗu da ƙafa 2. A ƙarƙashin rodi an sa 'yan gutsattsarin siminti masu kaurin inci 1, waɗanda ake kira biskit, don kada ƙarfe ya kwanta a kan katako. Rodin da ya leƙo waje tsatsa yake yi, tsatsa kuma kumbura take ta fasa kankaren daga ciki. An zuba da sassafe, aka soka da sanda don iska ta fita, buhu 12. Katakon gefe an cire bayan kwana 2, na ƙarƙashin ƙofa da taga sai da ya yi mako 2. Kafinta zai matsa a cire da wuri don yana son katakonsa a wani aikin. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa.

Tun ana zuba lintar muka dasa langalanga a ciki, kowace ƙafa 4, muka bar ta ta miƙe sama ta cikin bulo. Da ita aka ɗaure katakon da rufi ke zama a kai. Iskar farkon damina daga gabas take tasowa, kuma ba danna kwano take yi ba, ɗaga shi take. Rufin da ƙusa kaɗai ta riƙe, shi ake tsinta a gidan maƙwabta. Katako duka an shafe shi da maganin gara kafin ya hau, har bakin da zarto ya yanka. Wasu baƙin mai suke shafawa, yana taimakawa, amma bai kai maganin ba. Katakon da ake buga kwano a kai tazarar ƙafa 3 muka ba shi, ƙusa kuma a kan tudun kwano ake buga ta da robarta, don kwarin hanyar ruwa ce.

A nan mun yi gardama da kafinta. Shi yana son a ɗaga bango ya ɓoye kwano ta kowane gefe, yadda ake yayi, ruwa ya taru a kwata ta siminti ya fita ta bututu. Yana kare iska, gaskiya ne, kuma ya fi kyan gani. Amma a lissafa: rufin ya kai murabba'in mita 50, ruwan sama na inci 1 kacal a kansa kusan lita 1,250 ne, jarka 50 masu lita 25 ke nan, kuma a watan Agusta yana iya sauka cikin ƙasa da awa ɗaya. Leda ɗaya ko gidan tsuntsu ya toshe bututun, duk wannan ruwan silin zai bi. Sai muka raba: bango ya ɓoye kwano ta gabas da gefuna biyu, ta tsakar gida kuma kwanon ya zarce bango da ƙafa 2 ya zubar a fili. Inda kwano ya haɗu da bango an tsaga bangon, aka cusa bakin falankin kwano a ciki aka toshe, ya sauko ya rufe gaɓar. Siminti kaɗai in aka shafa a wurin, zafin Afrilu na buɗa kwano sanyin dare ya tsuke shi, kafin damina ya rabu.

Bututun waya da na ruwa duk an binne su kafin filasta. Waya mai kaurin 1.5 ta fitila, 2.5 ta soket, 4 ta na'urar sanyaya ɗaki, da sandar ƙarfe mai kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, da aka kafa a wuri mai laima. Bututun ruwa an cika shi an toshe ya kwana kafin a rufe, don ɗigon da ke cikin bango sai ya lalata fenti ake ganinsa. Bututun masai mai inci 4 an ba shi gangaren inci 1 a kowace ƙafa 4. Tsohuwar rijiyar gidan ba ta da nisan da ya kamata daga sokawe, wato ramin da ruwan masai ke tsiyayewa, wanda ake so ya kai mita 30, filin kuma bai ba da dama ba, saboda haka ruwanta ya koma na wanki da ban ruwan gini kawai.

Filasta buhu 1 ne da yashi mai laushi kwano 10, kaurin rabin inci, buhu ɗaya na rufe kusan murabba'in mita 12. Ta ci buhu 19, an yi mata ban ruwa kwana 5, aka bar ta wata guda kafin fenti. In aka tara duka, ɗaki ukun sun tashi a kusan buhu 140, ban da tayil. Da buhu nake ba da lissafin saboda farashi ba ya zama wuri ɗaya. Kuma ba mu sayi simintin lokaci ɗaya ba, na kowane mataki daban, a jera a kan katako nesa da bango, don wanda ya daɗe ya fara ƙulalai ya riga ya rasa ƙarfi. Ma'aikata jinga muka ba su mataki mataki, kafin alƙalami kaɗan, cikon kuɗi sai an auna aiki.

Zauren kuwa da ƙasarsa muka bar shi, kuma shi ya fi koya mana abu. Wani lokaci can baya an yi masa filastar siminti a waje. Da muka ƙwanƙwasa sai muka ji ƙarar rami. Aka ɓamɓare, sai ga gindin bangon ya zaizaye kusan tafin hannu a bayan simintin, ƙasar a jiƙe tana wari, gara ta yi hanyoyi. Siminti ba ya kama ƙasa, kuma ba sa motsi tare in zafi ya canza, don haka sai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar bushewa, bango ya yi ta ruɓewa a ɓoye alhali daga waje sumul yake. Bangon ƙasa tsirara yana jiƙewa ya bushe. Wanda aka sa wa rigar siminti jiƙewa kawai yake yi.

Wani dattijon magini muka samo, irin waɗanda suka gaji sana'ar. Ya sa aka jiƙa tsohuwar ƙasar da muka ware, aka zuba ciyawar ramno, aka tattake da ƙafa, aka bar ta ta kwana uku ana juyawa. Gindin da ya zaizaye ba a cike shi rana ɗaya ba. Ƙafa 3 yake gyarawa, ya tsallake ƙafa 3, sai wancan ya sha iska ya dawo kan na tsakiya, don kada bango ya rasa abin tsayawa. Na tambaye shi, "Baba, ba za a sa ɗan siminti a ciki ba?" Ya ce in dai ina son in sake kiransa badi, a sa. Yaɓen ƙarshe da ruwan makuba aka kwaɓa shi, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa har ruwan ya yi ja, shi ke sa ruwan sama ya zame. A rufi an canza azara huɗu daga cikin waɗanda muka ajiye, aka sake daɓe da gangare zuwa indararo. Indararon da muka tarar gajere ne, yana zubar da ruwa a jikin bango, aka sa mai tsawon ƙafa 2 da rabi, aka ajiye faffaɗan dutse a inda ruwan ke faɗowa. A gindin bangon ta waje an yi dakali na bulo mai tsayin sahu biyu, samansa a karkace zuwa lungu, don tsartsuwar ruwa ta daina taɓa ƙasa. Yaɓen makuban za a riƙa sabunta shi duk shekara biyu ko uku, a watan Afrilu, indararo kuma a zura masa sanda a share kafin hadarin farko.